Litowa, ƙauyen da manoma suka kafa da hannunsu a ƙasar Tanzaniya

Labarin wannan wata daga nesa ya fito. Ya fito daga Tanzaniya, wata ƙasa ta gabashin Afirka da ke bakin teku. Labarin waɗansu manoma ne da suka shiga daji, suka kafa ƙauye, suka haɗa gona guda da rumbu guda da asusu guda. Sunan ƙauyen Litowa. An kafa shi a 1960. Cikin shekara tara, ƙauyuka 16 suka bi sawunsa. A 1969 aka rushe ƙungiyarsu rana ɗaya. Duk manomin da ya taɓa zuba kuɗinsa a asusun koperatif, ko ya kai gyaɗarsa kan sikelinta, ya kamata ya ji yadda abin ya gudana.

Ƙasar Ruvuma

Litowa yana cikin jihar Ruvuma, can ƙarshen kudancin Tanzaniya. Babban garin jihar shi ne Songea. Daga Songea zuwa Darussalam, babban birnin ƙasar a wancan zamani, tafiyar kilomita wajen 1,000 ce. Ta fi daga Yamai zuwa Damagaram. Lokacin babu kwalta. In ruwa ya sauka, mota sai ta kwana a hanya cikin laka. Daga kudu akwai gulbin Ruvuma, shi ne iyaka da ƙasar Mozambik. Daga yamma akwai babban tafkin Nyasa.

Ƙasa ce mai itatuwa da tuddai. Ruwan sama yana wuce milimita 1,000 a shekara, wato ninki biyu na abin da Maraɗi take samu. Damanarsu tana kamawa wajen Disamba, ta ƙare wajen Afrilu. Lokacin da manomin Nijar yake jin ɗari, su suna shuka. Suna noman masara da rogo da wake da tamba. Abincinsu na kullum tuwon masara ne, suna ce masa ugali.

Mai karatu zai ce, ƙasa mai ruwa haka ai ba ta san wahala ba. Ta santa ƙwarai. Daga 1905 zuwa 1907 mutanen kudancin ƙasar sun yi yaƙi da Jamusawa masu mulkinsu. Ana kiran yaƙin Maji Maji. Jamusawa suka ƙone gonaki da rumbuna, yunwa ta kashe mutane da yawa. A watan Fabrairu na 1906 aka rataye sarakunan kabilar Ngoni a garin Songea. Bayan Jamusawa sai Ingilishi suka karɓi ƙasar. Su ma ba su kula da Ruvuma ba, in banda haraji.

Kuɗin haraji kuwa babu inda za a same shi a gida. Sai samari su kama hanya zuwa bakin teku, wajen Tanga, su yi ƙodago a manyan gonakin sisal na baƙi. Sisal wani tsiro ne mai dogon ganye mai tsini, ana fitar da zare a jikinsa a tuƙa igiya. Tafiyar ta yi kama da cin rani, sai dai ta fi daɗewa. Wani sai ya shekara biyu ko uku bai ga gida ba. Waɗanda suka rage kuma ba a gari suke zaune ba. Gida nan, gida can, kowa a tsakiyar gonarsa cikin daji. In gona ta gaji, a sare wani wuri a ƙone a shuka.

Samari 15

A watan Nuwamba na 1960, saura shekara guda ƙasar ta samu mulkin kai, waɗansu samari 15 suka tashi daga Peramiho, kusa da Songea. Dukkansu ƴan reshen samari ne na jam'iyyar TANU, jam'iyyar Julius Nyerere. Jagoransu shi ne Ntimbanjayo Millinga. Shawararsu ita ce: tun da sisal ne yake kwashe samari zuwa bakin teku, su shuka nasu sisal a gida, su yi wa kansu aiki. Suka samu fili a daji, wurin da ake kira Litowa, suka kafa bukkoki, suka fara sara.

Ba su yi wata uku ba suka watse. Abinci ya ƙare. Kayan aiki babu, sai gatari da fartanya. Da dare zaki yana ruri kusa da bukkoki. Ga kuma babban kuskure: sisal sai ya kai shekara uku kafin a fara yankan ganyensa, mutum kuwa kullum sai ya ci tuwo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A 1961 Millinga ya sake tara mutane, suka koma. Cikin wannan lokaci ya tafi karatu makarantar Kivukoni a Darussalam. Can ya gamu da wani Bature ɗan Ingila mai suna Ralph Ibbott. Aikin Ibbott na asali lissafin gini ne, amma ya yi shekaru yana aiki a gonar haɗin gwiwa ta baƙar fata da farar fata a Rodeshiya, ƙasar da ake kira Zimbabuwe yau. Millinga ya gayyace shi. A 1963 Ibbott ya zo Litowa da matarsa Noreen da ɗiyansu, suka zauna cikin ƙauyen kamar kowa. Aikinsa ba da shawara ne. Yanke magana na mutanen ƙauye ne.

Abu na farko da suka gyara shi ne maganar ciki. Aka sa abinci gaba, sisal baya. Sai rumbu ya cika tukuna a yi zancen abin sayarwa. Abu na biyu, maza suka ɗauko matansu da ɗiyansu. Daga nan wurin ya tashi daga sansanin samari ya koma gari.

Yadda ake zama a Litowa

Bahaushe ya san gandu, ya san gamana. Haka tsarin Litowa yake, sai dai gandun nasu na gari duka ne. Kowane magidanci yana da gidansa da ɗan fili a kusa, inda zai shuka abin miya ya kiwata kaji. Babbar gona kuwa ta kowa ce. Da safe ana raba aiki: waɗansu gona, waɗansu gini, waɗansu kiwo. In an girbe, a zuba rumbun gari, a riƙa ba kowane gida gwargwadon bakin da ke cikinsa. Tsoho da marar lafiya da gurgu suna da rabonsu. Ana ba kowa aikin da ƙarfinsa zai iya.

Gayya ba baƙuwa ba ce a ko'ina cikin Afirka. Amma gayya ta yini ɗaya ce, a ci tuwo a watse. Wannan ta kullum ce, shekara da shekaru. Abin da ke kashe irin wannan haɗin gwiwa sananne ne: wani ya yi aiki wani ya kwanta, ko shugaba ya sa hannu cikin asusu. To, yaya mutanen Litowa suka yi da wannan?

Da taro suka yi maganinsa. Su suke zaɓen shugaban gari, da mai tsara aiki, da magatakarda mai riƙe da littafin kuɗi. Wanda suka zaɓa, suna iya sauke shi. Kuma zaɓe ba ya hana shi riƙe fartanya. Shugaba yana shiga gona tare da kowa. Da maraice ana cin abinci wuri ɗaya, a nan ake zancen aikin yau da na gobe. Wanda ya ga abin da bai gamshe shi ba, sai ya faɗa gaban jama'a. Ana jan magana har sai an daidaita. Wannan hanya tana cin lokaci, amma aikin da mutum ya yarda da shi da bakinsa ba ya bukatar ɗan sanda ya tsaya a kansa.

Ba su yarda gari ya yi girma da sauri ba. Gidaje kaɗan ne a kowane ƙauye, yadda kowa zai san kowa. Malalaci ba ya ɓuya cikin mutum talatin. Cikin mutum dubu uku yana ɓuya.

Mata ma membobi ne da kansu, ba da sunan mazansu ba. Da farko magana gaban maza ta yi musu wuya, sannu a hankali suka saba. Abin da ya fi sauƙaƙa musu shi ne ruwa da reno. Mutanen gari suka haƙa rami da hannunsu, suka shimfiɗa tiyo, suka jawo ruwa har cikin gari. Suka buɗe gidan reno, inda ake kula da ƙananan yara a ba su abinci, uwaye suna wajen aiki. Suka gina ƙaramin gidan likita. Suka koyi yin tubali, da aikin katako, da gyaran inji. Suka kawo tumaki masu gashi, mata suna kaɗi suna saƙa rigunan sanyi, don ƙasar tana da sanyi a kan tuddai.

Kada mai karatu ya ɗauka wurin aljanna ne. Aikin yana da nauyi, kuɗin hannu kaɗan ne, don yawancin abin da aka samu yana komawa cikin gini da kayan aiki. Mutane da dama sun shigo, suka ga ba za su iya ba, suka fita. Ba wanda ya tare musu hanya. Kuma ba da ƙarfinsu kaɗai suka yi kome ba. Ƙungiyoyin taimako na Turai, irin su Oxfam, sun ba su kuɗi da kayan aiki, waɗansu baƙi masu sana'a sun zo sun koyar da su. Amma kuɗin yana shiga hannun ƙungiya ne, ita take cewa ga inda za a sa shi.

Lakwal ɗin gari

A 1964 suka buɗe lakwal tasu. Sun lura da abin da kowane uba ya sani: yaro in ya yi lakwal, sai ya raina fartanya, idonsa ya koma birni, aikin biro kuwa bai isa kowa ba. Suka ce tasu lakwal za ta shirya yaro ya zauna garinsu ya amfane shi. Yara suna koyon karatu da rubutu da lissafi. Suna kuma da gonarsu da dabbobinsu, suna koyon saƙa da aikin katako, suna zaɓen shugabanninsu kamar yadda manya suke yi. Ɗiyan sauran ƙauyukan ƙungiya suna zuwa su kwana nan. Shugaban malamai shi ne Suleiman Toroka. Nyerere da kansa ya ba su izinin su bi tsarinsu, ko da ya saɓa da na sauran makarantun gwamnati. A 1967 ya fitar da takarda a kan ilimin dogaro da kai, kuma abin da ke cikinta ya yi kama ƙwarai da abin da ake yi a Litowa.

Nyerere malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, shi ya sa mutanensa suke ce masa Mwalimu. Kalmar ɗaya ce da malam na Hausa, duk daga Larabci suka fito. Haka kalmar ujamaa, sunan da ya ba tsarin zaman haɗin gwiwa. Tushenta ɗaya da jama'a.

Daga ƙauye guda zuwa 17

Gani ya kori ji. Manoman kewaye suka ga yaran Litowa da ƙiba, suka ga ruwa yana zuba a tsakiyar gari. Waɗansu suka haɗa kansu, suka zo neman shawara. Litowa ba ta aika kowa ya yi shela ba. Masu so su suke zuwa, su zauna kwanaki, su yi aiki, su koma su gwada. Haka aka samu ƙauyuka irin su Liweta da Matetereka. Ƙauyukan suka haɗu cikin Ƙungiyar Raya Ƙasar Ruvuma, ana taƙaita sunanta RDA. Kowane ƙauye yana aika wakilansa, su ne masu ƙungiyar. Suka ware waɗansu gwanayen aiki daga cikinsu, suka sa musu suna runduna. Rundunar ba ta da bindiga. Aikinta shi ne zuwa sabon ƙauye ta taya shi tsayawa da ƙafarsa.

A 1966 ƙungiyar ta sayi injin niƙan hatsi na garin Songea, Nyerere ya taimaka da kuɗi. Daga baya ta sayi injin tsaga katako. Wannan babban abu ne. Manomi da ya saba sayar da masara da araha ya sayi gari da tsada, yanzu injin nasa ne, ribar tana komawa asusunsa. Zuwa 1969 ƙauyuka sun kai 17, gidaje wajen 400.

A daidai wannan lokaci gwamnati ma tana kafa nata ƙauyukan. Ta fara a 1963. Ta kashe kuɗi masu yawa, ta kai tarakta, ta gina gidaje, ta naɗa ma'aikata su shugabanci manoma, har abinci tana rabawa. Manoman suka ɗauki kansu ƴan ƙodagon gwamnati. Bashi ya taru, amfani bai fito ba. A 1966 gwamnati ta dakatar da shirin. Dattawan Nijar da suka ga zamanin UNCC, wadda aka kafa a 1962, sun san wannan ciwo: muddin manomi yana ganin koperatif kayan gwamnati ce, ba ya tsaronta kamar rumbunsa.

Nyerere ya ziyarci Litowa, ya riƙa ba da misali da ita. A watan Fabrairu na 1967 aka yi sanarwar Arusha, wadda ta ɗora ƙasar kan hanyar ujamaa. A watan Satumba na shekarar ya fitar da takarda a kan ƙauyukan haɗin gwiwa. A 1968 ya ƙara bayani cewa ba a tilasta wa mutum shiga irin wannan ƙauye, kuma ba ma'aikaci ne zai mulke shi ba, mazaunansa ne. Millinga, wanda aka zaɓa depite a 1965, aka kira shi ya riƙe sashen ƙauyukan ujamaa na jam'iyya. Duk wanda ya duba a lokacin zai ce Litowa ta yi nasara.

Abin da ya kawo rushewa

Amma tun da wuri akwai masu jin haushi. Yawancin gwamnonin da aka aiko Ruvuma ba su shiri da ƙungiyar. Dalili na farko taba ce. Gwamnati tana son kuɗin waje, ma'aikata suna matsa wa manoman Songea su shuka taba, har da tilas. Ƙauyukan ƙungiya suka ce su ne za su duba abin da ya dace da gonarsu da ƙarfinsu, kuma abinci ne gaba. Ma'aikacin da ya saba in ya yi magana a ce to, bai ji daɗin manomi mai tambayar dalili ba.

Dalili na biyu yawa ne. Mutanen jihar Ruvuma sun kusa 400,000 a lokacin. Gida 400 cikin wannan ɗigo ne. Manyan jam'iyya suna son ƙauyuka dubbai cikin shekaru kaɗan. Ƙungiya kuwa ta ce ba a gaggauta irin wannan aiki, sai mutane sun so da kansu. A nan kowane ɓangare yana da abin faɗa. Ƙasa matalauciya ba ta iya jiran shekara ɗari. Amma abin da ya biyo baya ya nuna wanda ya fi gaskiya.

Dalili na uku shi ne mafi girma, ko da ba a cika faɗarsa a fili ba. Ƙungiya tana da injinta da motocinta da makarantarta da kuɗinta. Ba ta roƙon kowa. Ba ta ƙarƙashin ikon jam'iyya, ko da yake mutanenta ƴan jam'iyya ne. Manya suka ga in irin wannan ya bazu, ikonsu zai ragu. Aka fara cewa Turawa ne suke juya ta, aka ce tana shirya wa jam'iyya makirci. Ga shi kuma ana yaƙin neman ƴanci a Mozambik tun 1964, ƙetaren gulbi kawai, don haka zargin baƙo yana saurin kama zuciya.

Ran 24 ga Satumba 1969 babban kwamitin TANU ya zauna a Darussalam. Cikin mutum 24, mutum 21 suka goyi bayan a rushe ƙungiyar, jam'iyya ta karɓi ragamar dukan ƙauyukan ujamaa. Nyerere ne shugaban zaman, kuma shi ne mai yabon Litowa, amma bai hana ba. Kashegari minista ya sauka Songea da jirgin sama ya ba da sanarwa. Aka karɓe injin niƙa da injin katako da motoci da kayan gyara. Aka mayar da lakwal ta zama kamar sauran, aka watsa malamanta wurare daban daban. Ibbott da iyalinsa suka bar ƙasar. Ba a tambayi manoman da suka zuba guminsu shekara tara ba. Da aka cire musu inji da makaranta da taron da ke haɗa su, yawancin ƙauyukan suka daina noman gandu ɗaya.

Bayan Litowa

Jam'iyya ta ɗauki aikin a hannunta. Da mutane ba su shiga da sauri ba, a watan Nuwamba na 1973 Nyerere ya ce zama cikin ƙauye ya zama dole, kuma a gama kafin ƙarshen 1976. Aka fito da motoci da ƴan sanda da ƴan sa kai na jam'iyya. Aka kwashe miliyoyin mutane daga gonakinsu, aka jera su bakin hanya. A wurare da dama an rushe gidaje ko an ƙone su don kada masu su su koma. Waɗansu sababbin ƙauyukan an kafa su inda babu ruwa, ko inda ƙasa ba ta da ƙarfi, don ma'aikaci ne ya zaɓi wurin. Fari ya haɗu da wannan hargitsi, ƙasar ta sayo hatsi mai yawa daga waje a 1974 da 1975. A 1977 Nyerere ya ba da lissafi cewa mutum fiye da miliyan 13 suna zaune cikin ƙauyuka 7,684.

Tara mutane wuri ɗaya ya kawo amfaninsa. Makarantu da gidajen likita sun yawaita, yaƙi da jahilci ya yi nisa ƙwarai har duniya ta yaba. Amma noman gandu ɗaya bai kama ba. Mutum yakan je gonar gari don gudun tara, ya yi abin da ya sawwaƙa, ya ruga tasa. A 1976 gwamnati ta rushe manyan ƙungiyoyin koperatif na ƙasar, ta ba kamfanoninta sayen amfanin gona. Abin bai yi kyau ba, aka yi sabuwar doka a 1982 aka maido da su.

Ita kuwa ƙasar Ruvuma, masara ce ta ɗaga ta. Daga tsakiyar shekarun 1970 gwamnati ta sa farashin masara ɗaya a ƙasa duka, ta rage kuɗin takin zamani. Manomin nesa ya samu kasuwa. Ruvuma ta shiga cikin jihohi huɗu da ake kira rumbun Tanzaniya, tare da Iringa da Mbeya da Rukwa. Cikin shekarun 1980 kwalta ta iso Songea. Nyerere ya sauka daga mulki da kansa a 1985, ya rasu a 1999.

Ralph Ibbott ya rubuta labarin Litowa da sauran ƙauyukan jim kaɗan bayan ya koma Ingila, da takardun ƙungiya da wasiƙun da ya adana. Rubutun ya daɗe a ajiye. Sai a 2014 aka buga shi littafi, shekara 45 bayan rushe ƙungiyar.